Yadda za ka jera gwanayenka na kiɗan kilasik ba tare da ka kwafo na wani ba

Bari in fara cire maka tsoro, don na san halinmu nan Gusau, da an ce kiɗan kilasik sai mutum ya taɓe baki ya ce ai na Turawa ne, shi bai taɓa ji ba. To ka taɓa ji malam, har ma ka haddace. Ƙarar nan ta wayar Nokia da babu wanda bai san ta ba, daga wani kiɗan jita aka yanko ta, Gran Vals, wanda Francisco Tárrega ɗan ƙasar Sifen ya tsara a 1902. Taken gasar zakarun Turai kuwa, wanda in ya tashi a gidan kallon ƙwallo za ka ga samari sun yi tsit tsigar jikinsu na tashi, wani Bature Tony Britten ne ya haɗa shi a 1992, amma tushen na Handel ne, daga Zadok the Priest da ya tsara a 1727 don bikin naɗin Sarki George na biyu na Ingila. Sunayen mutanen nan na bar su yadda ake rubuta su don in ka je nema a waya ka samu.

Duk wanda ya ɗan jima yana sauraren irin wanga kiɗa, dole wata rana tambayar ta faɗo mai, to a cikinsu wa na fi so, wa ke bi mai, wa ke na uku? Kuma abu ne mai kyau, don shi ke sa ka natsu ka saurara da kunne biyu maimakon kiɗa na tashi kai kana can kana catin. Sai dai mafi yawan jerin da mutane ke nunawa ba nasu ba ne, aro ne, kuma ana ganewa.

Fara sanin wane jeri kake yi

Jeri iri biyu ne kuma mutane na cakuɗa su. Akwai na "wa ya fi girma a tarihi", akwai na "wa na fi so". Na farkon aikin masana ne, kuma su ma ba su taɓa yin baki ɗaya ba. A 2011 Anthony Tommasini, babban mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times a lokacin, ya fitar da goma nasa: Bach, Beethoven, Mozart, Schubert, Debussy, Stravinsky, Brahms, Verdi, Wagner, sai Bartók. Ka duba da kyau, babu Handel, babu Haydn, babu Chopin, babu Tchaikovsky, mutanen da miliyoyi ke kwana da kiɗansu. A 2019 kuma mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi masu tsara kiɗa 174 na wannan zamani, Bach ya sake zuwa na ɗaya, amma Stravinsky da wancan ya aje na shida sai ga shi na biyu, ya ture Beethoven zuwa na uku. To in manya sun saɓa haka, kai da ke Tudun Wada da iyafis ɗinka me zai sa ka ji kunyar naka?

Na biyun shi ne naka, kuma shi muke magana. Ba ya buƙatar digiri, gaskiya kawai yake buƙata, ita ce kuma ke wuya.

Wani ƙanena, ɗan wajen kawunmu, ya taɓa miƙo min waya muna zaune wurin mai shayi bayan magariba, ya ce Yaya duba lis ɗina. Na duba, Bach, Beethoven, Mozart, tsaf yadda suke a ko'ina. Na ce to madalla ƙanena, mi ka ji na Bach? Ya yi shiru yana juya cokali cikin kofi, can ya ce ai Yaya kowa shi ka sawa na ɗaya. Na ce buɗe min inda wayar ke nuna abin da ka fi kunnawa. Tchaikovsky ne tun daga sama har ƙasa, kiɗan rawar agwagwar ruwan nan Swan Lake, sai ɗan Vivaldi tsakani. A lis ɗin kuwa Tchaikovsky na takwas ya sa shi, wai don ya ji ana cewa kiɗan 'yan koyo ne. Wayarka ta fi bakinka faɗin gaskiya a nan, saboda haka kafin ka rubuta komai je ka duba tarihin abin da kake kunnawa a YouTube ko Spotify ko ma memori, ka rubuta sunayen da suka fi yawan fitowa. Daga nan za a fara.

Dokoki kafin a shiga fili

Ka sa wa kanka iyaka tun farko in ba haka ba ba za ka gama ba. Ni shawarata biyar, ba goma ba. Goma tana ba ka wurin ɓoye sunayen da ka sa don kunya, biyar kuwa dole ka fitar da wani da kake ganin girmansa, kuma wurin fitarwar ne za ka san abin da ke ranka.

Doka ta biyu, kuma ita ce ba na sassautawa: ba wanda zai shiga jeri sai ka ji aikinsa uku daga farko har ƙarshe. Ba guntun sakan talatin na bidiyon TikTok ba. Simfoni, wato dogon kiɗan da gungun makaɗa ke yi tare, yawanci kashi huɗu take, na farko da kuzari, na biyu a hankali, na uku mai ɗan salon rawa, na huɗu a rufe da gudu, kuma mai tsarawar ya gina su ne don su bi juna. Wanda ya ji buɗewar Simfoni ta 5 ta Beethoven kawai, bugu huɗun nan da kowa ya sani, bai ji yadda kashi na uku ke lallaɓawa can ƙasa-ƙasa har ya fashe cikin na huɗu babu tsayawa ba, alhali nan ne abin yake.

Sai batun zamani. A taƙaice ana raba su haka: zamanin Barok daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya rasu, nan su Vivaldi da Handel suke. Zamanin Kilasik ɗin kansa daga nan zuwa wajen 1820, su Haydn da Mozart da farkon Beethoven. Sai na Romantik da ya cinye ƙarni na 19, su Chopin, Brahms, Verdi, Tchaikovsky. Sai ƙarni na 20. Kana iya haɗa su duka a jeri ɗaya, kana iya yin na kowane zamani daban. Shi kansa Tommasini sai da ya cire waɗanda ke raye da kuma waɗanda suka riga su Bach zuwa kafin ya iya fitar da goma. Abin da ba kyau shi ne ka canza doka tsakiyar wasa don gwaninka ya haye.

Yadda za ka saurara, don wannan na canza sakamako

Kiɗan nan yana da wata ɗabi'a da namu na zamani ba su da ita, wani wuri zai yi ƙasa har ka ɗauka wayar ta mutu, wani wuri ya tashi kamar zai fasa kunne. In ka kunna shi cikin keke napep daga Sabon Gari zuwa tasha, ko da sifikar waya ga janareton maƙwabci na ruri, rabin kiɗan ya tafi, kuma waɗanda za ka zalunta su ne masu sanyin hannu irin Debussy da Chopin da Schubert, masu tsawa irin Beethoven da Wagner su haye a banza. Saboda haka ka yi musu adalci, duka a yanayi ɗaya. Bayan isha'i in gari ya lafa, iyafis kunne biyu, waya a kife.

Data kuma kar ta tsorata ka. Ba sai ka kalli bidiyo mai nauyi ba, rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta ko ka sauke sautin kawai da tsarin datar dare. Amma ko sau ɗaya ka daure ka kalli bidiyon gungun makaɗan suna yi, don ka ga wane kaya ke fitar da wane sauti, daga nan kunnenka zai fara rarrabewa.

Wurin nema za ka riƙa ganin lambobi bayan suna, kar su ruɗa ka, lambar rajista ce kawai. Na Bach BWV ake sa musu kuma sun haura dubu, na Mozart K, sun haura 600, saura da yawa Op. Ka riƙa rubuta lambar abin da ya burge ka, in ba haka ba gobe za ka neme shi ka rasa, don Haydn kaɗai simfoni 104 gare shi masu lamba.

To me za a ji? Ga inda ni zan tura mutum, ba don su ne ƙarshe ba, don dai ƙofa ce mai sauƙin shiga.

Bach, wanda aka haifa a Jamus a 1685, ka fara da kiɗa shida da ya tsara wa celo, babban gogen nan da ake jingina wa ƙirji a zaune. Kaya ɗaya ne tal, babu ganga babu murya, amma in ka natsu za ka ji kamar mutum biyu ko uku ke magana a kan tsirkiya, ɗaya na tambaya ƙasa ɗaya na amsawa sama. Buɗewar na farkon bai kai minti uku ba. An daɗe ana ɗaukar su a matsayin atisayen ɗalibai kawai, sai da wani yaro ɗan shekara 13, Pablo Casals, ya tsinci takardun a wani shagon tsofaffin littattafai a Basalona a 1890, ya yi shekaru yana gogawa, sannan ya naɗe su a faifai daga 1936 zuwa 1939. Bayan su ka je kiɗansa da ake kira Brandenburg, su ma shida ne, na 1721. Bach ba ya kama kowa a ji na farko, gara in faɗa maka, wani sai ya yi ta jin kamar lissafi ake yi mai. In haka ka ji, aje shi gefe, kar ka sa shi na ɗaya don tsoron mutane.

Vivaldi ɗan Benis, malamin goge a gidan marayu mata, ya bar kwanceto wajen 500, wato kiɗan da kaya ɗaya ke jagora sauran na amsawa. Nemi na lokuta huɗu na shekara da aka buga a 1725, ka saurari ƙarshen na lokacin zafi inda hadari ke tasowa. Mozart ka ɗauki Simfoni ta 40 da ta 41, ya rubuta su ne tare da ta 39 cikin 'yan makonni a 1788, sai ko wace kwanceton fiyano tasa. Beethoven Simfoni ta 5, ta 7, sannan ta 9 in ka shirya zaman sama da awa ɗaya. Chopin kiɗan darensa na fiyano. Dvořák Simfoni ta 9 da ya rubuta a Amurka a 1893.

Sai Boléro na Ravel, 1928, wanda nake ganin duk ɗan ƙasar nan da ya tashi da jin ganga zai gane shi nan take. Ƙaramar ganga ce ke fara bugu can ƙasa har sai ka kasa kunne, kuma bugun nan ɗaya za ta riƙe ba canji har minti goma sha biyar. Sarewa ta shigo da karin, ta gama ta miƙa wa wani kaya, shi ma ya miƙa wa wani, kari biyu ne kacal ake juyawa, amma kowane zagaye ana ƙara hannu ana ƙara ƙarfi, har ka farga ƙafarka na bugun ƙasa, a ƙarshe duk gungun su taru su rushe lokaci ɗaya. In ka ƙure ƙara tun farko don ba ka ji, ƙarshen zai hukunta ka.

Ma'auni: da me za ka auna su

Nan ne wurin da ya fi daɗi, kuma mu mutanen yankin ga ba baƙi ba ne a wurin, don tun muna yara muke jin dattawa na musu kan makaɗan fada, wannan ya ce Narambaɗa, wancan ya ce Ɗanƙwairo, na uku ya ce ku dai ba ku saurari Sa'idu Faru da kyau ba. In ka lura ba a taɓa gamawa, saboda kowa da abin da yake aunawa, wani zurfin magana, wani daɗin amshi da yadda 'yan amshi ke karɓa, wani yawan waƙoƙi, wani kuma bakandamiya ɗaya ta ishe shi hujja. Su ma waɗancan Turawan da yawansu makaɗan fada ne fa. Haydn ya yi kusan shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterházy aiki, da kayan ma'aikatan gidan a jikinsa, abin da ubangida ke so shi ake kaɗawa. Har habaici ya iya. A 1772 Yarima Nikolaus ya daɗe a gidansa na hutu a Hangari, makaɗa sun ƙosa su koma wurin iyalansu ba mai iya faɗa, sai Haydn ya tsara Simfoni ta 45 yadda a ƙarshenta makaɗan za su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hure kyandir ɗinsa ya fice, har ya rage masu goge biyu kawai. Yarima ya gane saƙon, aka ba da umarnin komawa gida.

To kai ma zaɓi ma'auninka ka rubuta shi a saman takarda kafin suna ko ɗaya. Tambayar da ta fi raba gardama ita ce ta bakandamiya da yawan aiki. Akwai Pachelbel, kusan duk duniya abu ɗaya ta san shi da shi, Canon ɗin nan da ake sawa a bidiyon aure. In kana son sa kamar me, shin ya isa ya sa mutumin a biyar ɗinka? Ni a wurina a'a, wannan sai ka buɗe wani jerin daban na kiɗan da ka fi so, don jerin kiɗa daban jerin mutane daban. Mutum yana shiga nawa ne in na tabbata duk inda na sa hannu cikin aikinsa da wuya in fito hannu rabbana.

Amma kuma yawa kaɗai ba hujja ba ne. Brahms simfoni huɗu kawai ya yi, ta farkon ma sai da ya yi wajen shekara ashirin yana juya ta kafin ya sake ta a 1876, saboda nauyin sunan Beethoven da ke kansa. Chopin kusan duk abin da ya rubuta na fiyano ne, bai yi simfoni ko ɗaya ba, bai yi ofera ba, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa. Mai auna faɗin fage zai mayar da shi baya, mai auna abin da ke taɓa zuciya zai iya sa shi na ɗaya, kuma duka biyun ba wanda ya yi laifi in dai ya faɗi ma'auninsa. Haka batun shekaru. Mozart ya rasu yana da 35, Schubert yana da 31 amma ya bar waƙoƙi sama da 600, Verdi kuwa ya kai 87. Kar ka ba mutum maki kan abin da da zai yi da ya yi tsawon rai, abin da ya bari shi ke gabanka.

Wani tarkon shi ne labari. Beethoven ya kurumce, kuma lokacin da aka fara kaɗa Simfoni ta 9 a Biyana a 1824 ba ya jin abin da ake yi. Labari ne mai sa tausayi da mamaki, amma tausayi ba kunne ba ne. Tambayi kanka, da ban san wannan ba, zan sake kunnawa? In eh, to ya ci gurbinsa da guminsa, kuma ni dai a wurina ya ci.

Akwai kuma inda halin mutum ko abin da ya yi wa kiɗan zai shigo, nan ba mai yanke maka sai kai. Wagner gwani ne, amma a 1850 ya rubuta maƙala ta ƙin Yahudawa mai muni, kuma har yau akwai masu ƙin jin sa saboda haka. Ga shi da tsawon kiɗa, oferarsa mai kashi huɗu ta Ring wajen awa 15 take ci. Sannan babban kaso na aikin Bach na coci ne, don daga 1723 har rasuwarsa shi ke kula da kiɗan manyan coci-cocin Leipzig, shi ma Messiah na Handel na addinin Kirista ne. In kai ba ka son shiga nan, ba dole, suna da na kayan kiɗa zalla da za su ishe ka shekaru, sai dai ka rubuta a dokokinka cewa da waɗannan kawai ka auna su.

Karo biyu-biyu

Yanzu a ce kana da suna takwas ko goma da suka cika sharaɗi. Kar ka zauna kana kallon su gaba ɗaya kana son jerawa, kai zai yi zafi. Yayyaga takarda, kowane suna da guntunsa, ka ɗauki biyu ka yi wa kanka tambaya ɗaya: in memorin wayata mutum ɗaya zai ɗauka cikin biyun nan har shekara ta zagayo, wa zan goge? Kar ka yi dogon tunani, wanda gabanka ya faɗi da ka yi niyyar goge shi, shi ya ci. Sa mai ɗigo a bayan takardarsa. Haka za ka yi ta yi har kowa ya gamu da kowa, suna takwas karo 28 ke nan, aikin shan shayi ɗaya ne. Ƙirga ɗigo, jeri ya fito da kansa.

Wani lokaci za ka ga abin ya yi zobe, Mozart ya kayar da Chopin, Chopin ya kayar da Tchaikovsky, Tchaikovsky kuma ya dawo ya kayar da Mozart. Ba hauka ba ne, alama ce ma'auninka na sauyawa daga karo zuwa karo ba ka sani ba. Koma kan abin da ka rubuta a saman takarda, in ya ƙi warwarewa, waya ta raba, wanda ka fi kunnawa ya hau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kunnen doki, a ce wai mutum uku na ɗaya. Wannan gudun hukunci ne.

Kafin ka kori wani gaba ɗaya, tabbatar ba makaɗin ne ya ɓata maka shi ba. Mutanen nan yawancinsu sun mutu kafin a fara naɗar sauti, takarda suka bari, kuma duk abin da kake ji hannun wani ne. Ko mutum ɗaya ma yana canzawa. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya naɗi kiɗan Goldberg na Bach a 1955 cikin wajen minti 38, da gudu kamar ana korar sa, ya sake naɗa a 1981 ya kai wajen minti 51, a natse. Wani na farkon ne zai sa ya so Bach, wani na biyun. Saboda haka in abu ya gundure ka, gwada hannun wani makaɗin kafin ka yanke.

Kar kuma ka tsaya iya sunayen da aka saba. Akwai Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, wanda ya yi suna a Landan da kaɗa ogan, babban kayan kiɗan nan mai kama da fiyano, African Suite ɗinsa ta 1944 ta masu goge ce kuma karin Afirka ta Yamma ne a ciki, za ka ji shi kusa da gida. Akwai Samuel Coleridge-Taylor da mahaifinsa ɗan Saliyo ne, akwai Florence Price baƙar fatar Amurka da gungun makaɗan Chicago suka kaɗa simfoninta a 1933, akwai Clara Schumann. Ka ji su da kunnen da ka ji saura, sharaɗin aiki uku ya hau kansu su ma. In sun ci su shiga, in ba su ci ba kar ka cusa su don kishin gida, don wannan ma wani aron ne.

Rubuta dalili, sa kwanan wata

Gaban kowane suna rubuta layi ɗaya na dalili, da bakinka, ba da na littafi ba. Kar ka ce "uban kiɗan Turai", wannan ba kai ka gano ba. Ka ce wane kiɗa, wane wuri a ciki, me yake yi maka. Misali, kashi na biyu na Simfoni ta 7 ta Beethoven, yadda yake farawa kamar tafiyar masu ɗauke da kaya mai nauyi. In ka kasa samun layin nan ga wani suna, to ka sake duba ko naka ne da gaske. Wannan layin ne kuma zai cece ka ranar da wani ya tsare ka da musu a majalisa.

Sai ka sa kwanan wata a ƙasa, a ɗan littafi ba a waya ba, don waya na iya faɗawa ruwa ko ta canza hannu. Kar ka riƙa taɓa shi kullum, duk sabon abin da ka ji jiya zai so ya yi tsalle zuwa sama, ba shi lokaci zumuɗin ya kwanta. Daga sallah zuwa sallah ya isa, ka sake karon biyu-biyu daga farko ba tare da ka leƙa tsohon ba, sannan ka buɗe ka gwada. Kar ka yage tsohon. A bayan shafin ka buɗe wurin masu jiran gado, waɗanda ba su cika aiki uku ba tukuna.

Nawa a yanzu, tunda na san za a tambaya: Beethoven, Bach, Haydn, Ravel, sai Dvořák. Eh, babu Mozart, kuma na san masu jin haushi, ina ganin girmansa amma hannuna ba ya yawan zuwa wurinsa in dare ya yi, Haydn nake samun kaina na kunna saboda barkwancinsa. Gurbi na biyar ne ke rawa, Sowande na matsa wa Dvořák lamba sosai. Mahler kuwa yana cikin masu jiran gado, Simfoninsa ta 3 kaɗai ta haura awa ɗaya da rabi, sai daren da aka bar mana wuta waya ta cika da caji.